Ni da Saje Dennis a Cikin Motar Sulke

Ruwa ake yi ranar da na sauka Manchester, irin yayyafin nan da ba ka ɗauka a bakin komai sai ka ji sanyi ya kai maka ƙashi. Jaka ɗaya ce a hannuna, sai takardar ɗaukar aiki da na naɗe a leda na soke a aljihun ciki. Sunana Tasi'u, mutumin Azare. Shekara goma sha ɗaya na yi a soja ina tuƙa motar sulke, na ajiye kaki ina kofur. Aikin da ya kawo ni Ingila kuwa kula da tsofaffi ne a gidajensu, wanka da canjin kaya da ba da magani. Rabi matata da yaranmu uku suna gidan mahaifina, suna jiran in zauna da gindina.

Adireshin da ke jikin takardar ya kai ni wani layi a Salford. Na zaci ofis zan tarar mai allo da mai gadi. Shagon gyaran waya na tarar, a gefensa wata jar ƙofa a kulle. Na yi ta bugawa har yatsuna suka daina ji. Mai shagon, wani dattijo ɗan Pakistan, ya leƙo ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce in shigo. Ya ce ni ne mutum na huɗu da ya zo wannan ƙofa da jaka a hannu, masu kamfanin sun daɗe da tashi. Na kira dillalin da ya haɗa mini takardu a Kano, wayar ta yi ta ƙara babu amsa. Da na sake kira sai na ji ta a kashe.

Dattijon bai tsare ni da tambaya ba. Ya zuba mini shayi mai citta, ya shimfiɗa mini kwali a bayan kanta na yi azahar da la'asar, sannan ya ce akwai wani ɗan Najeriya da suke haɗuwa a masallacin Juma'a. Kafin magariba sai ga Auwal a kan keke, ɗan Zariya, yana digiri na uku a fannin ruwan sha. Sallamar da ya yi mini da Hausa ta kusa sa ni hawaye a gaban mutane.

Sati shida na yi ina kwana a ƙasan ɗakinsa a Ardwick, hawa na huɗu a ginin ɗalibai. Doka ta hana baƙo ya wuce kwana uku, don haka tun kafin ma'aikatan ginin su zo nake fita, in je laburare in zauna kusa da hita ina juya jaridar da rabinta ba na ganewa. In Rabi ta tambaye ni aiki sai in ce ana kan horar da mu. Ranar Asabar Auwal kan ɗauko kuka da daddawa da mahaifiyarsa ta cusa masa a gwangwanin madara, mu tuƙa tuwon shinkafa, mu buɗe taga don kada maƙwabta su kai ƙara.

Shi ya bi diddigin kamfanin har ya gano yana nan da rai, Birmingham suka koma. Ranar da suka amsa saƙonsa ya zaunar da ni.

"Yaya Tasi'u, gara ka san yadda abin yake tun yanzu. Bizarka a ɗaure take da sunan kamfanin nan. In suka cire sunanka kwana sittin gare ka, ko ka samu wani ya ɗauke ka, ko ka tattara ka koma."

"To in ba su ba ni aikin ba fa?"

"Sai ka jira. In sun ba ka aikin yini ɗaya a sati ma sai ka ce ka gode."

Na ce, "Ashe tunkiya ce ni a turke."

Ya ce, "Ita tunkiya ai tana ganin turken nata."

A Birmingham manajar kamfanin ta karɓe ni da murmushi, ta ce laifin dillali ne, ba su san na iso ba. Ta sa aka kai ni wani gida a Selly Oak, bayan shagunan Bristol Road, inda ma'aikatansu shida ke zaune. Ɗakin da ya rage ɗakin ajiya ne aka sa wa katifa. Ba shi da taga. Na tsaya a bakin ƙofar na kasa shiga.

A nan sai na faɗi abin da ban faɗa wa kowa a Ingila ba. Shekara biyu kafin in bar aiki, motata ta taka nakiya a wata hanyar daji a arewa maso gabas. Ta kife a gefe, ƙofar baya ta lanƙwashe, murfin sama ya maƙale da ƙasa. Mu bakwai ne a ciki. Awa biyar muka yi kafin a zo a fasa. Iliya, abokina ɗan Kafanchan wanda muke cin abinci a kwano ɗaya tun muna kurata, a kafaɗata ya cika, yana tambayata ko na ji ƙarar motocin da za su zo. Tun daga ranar ba na shiga lif, a bas kusa da ƙofa nake zama. A takardar neman aiki an tambaya ko ina da wata larura, na ce babu. Don haka na shiga ɗakin nan, na tokare ƙofar da takalmina, haka nake kwana har yau.

Gida bakwai nake zagayawa a rana, daga wannan bas zuwa wancan. Wayar kamfani ce ke ƙirga mintin shigata da na fitata. Wata rana na tarar da wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki, na tsaya da ita har motar asibiti ta zo, na makara a gida na gaba. Manajar ta kira ni ofis, har da tambayata ko ina shan shayi.

"Wannan gargaɗi na farko ne, Tasi'u. Na biyu ba ni zan kore ka ba, takarda ce za ta kore ka. Ka gane?"

Na ce na gane.

A watana na huɗu aka tura ni gidan Mista Dennis. Shekararsa tamanin da uku, matarsa ta rasu, ciwon mantuwa ya kama shi. Ya kori masu kula da shi uku. Ina shiga ya jefe ni da silifa, ya ce in fita daga gidansa. Na sunkuya zan ɗauki silifan sai idona ya faɗa kan wani hoto a bango: saurayi siriri ba riga, zaune a kan motar sulke mai taya shida, bayansa duwatsu da rairayi. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Wannan ai sai ka taka birkinta sau biyu kafin ta ji. Kuma in rana ta take, gwiwar direba ce ke fara gasuwa."

Ya zuba mini ido. "Wa ya gaya maka?"

"Na tuƙa irinta."

"Ƙarya kake."

Na kwatanta masa inda ake duba mai, da yadda sitiyarinta yake a karkace kamar zai faɗo maka a cinya. Ya yi wata dariya har da tari. Ranar ya yarda na yi masa wanka. Bai taɓa riƙe sunana ba, direba yake ce mini, ni kuma in ce masa Saje, don da igiya uku ya bar soja. Ya yi yaƙi a wata ƙasar Larabawa yana saurayi. Ba ya tuna ko ya karya kumallo, amma lambar motarsa tana bakinsa kamar karatun allo.

'Yarsa Karen, mai dafa abinci a wata makarantar firamare, ita ta kawo shawarar a kai shi gidan tarihin tankokin yaƙi ranar zagayowar haihuwarsa. Ta nemi kamfani ya ba da ni na awa huɗu. Da ta gaya mini ban so ba, amma ina da bakin cewa a'a ne?

Tafiyar awa ɗaya ce daga Birmingham, a bayan wani ƙauye. Wata ƙatuwar rumfar kwano ce irin ta ajiye jiragen sama, tsofaffin sojoji ke kula da ita don sa kai. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni, tsohon baƙin mai da roba da ƙarfe mai sanyi. Tankoki ne jere hagu da dama, wasu kore, wasu ruwan ƙasa, bakin igwarsu a toshe. Akwai wata ta yaƙin farko mai kama da akwatin ƙarfe, akwai wadda harsashi ya huda gefenta har hannu yana shiga. Mutane suna ɗaukar hoto suna dariya. An goge komai tas, ƙasa ko ɗigon mai babu.

Saje Dennis ya miƙe ƙirji, ya ƙi kujerar guragu, ya ce sandarsa ta isa. Yana tafe yana gyara wa masu bayani kuskurensu. Karen tana bayansa tana share ido, ta ce rabonta da ta ji ya yi magana mai tsawo haka tun rasuwar mahaifiyarta.

A ƙarshen rumfar muka same ta. Taya shida, hanci dogo, ƙofofin baya biyu a buɗe, an kafa matakalar katako don masu son leƙawa. Allon da ke gabanta ya ce sojan ƙasar sun daina amfani da irinta tun ina firamare. Na tsaya ina karantawa ina sakewa. Abin da aka ajiye a nan don kallo, da shi muka shiga daji, a cikinsa Iliya ya mutu.

Karen ta ce bari ta karɓo mana shayi, ta tafi. Ko minti biyu ba ta yi ba wayar kamfani ta yi ƙara a aljihuna. Manaja ce, kuma dokarsu ita ce ba a barin kiranta ya katse. Rumfar na amsa kuwa, sai na matsa taku uku na juya baya ina toshe kunne ɗaya. Tana ce mini akwai gida biyu da zan ƙara da yamma, sai na ji ƙarar da na fi sani a duniya. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, sakata ta faɗa.

Na juyo. Sandarsa tana ƙasa, ƙofofin a rufe.

Wani mai kula da wurin, dogon tsoho mai gashin baki, ya rugo ya kama hannun ƙofar yana ja. Ya ce sun ɗaure sakatar ciki da waya, bai san yadda aka yi ya kwance ta ba. Ni na sani. Kan mutum yana mantuwa, hannu ba ya yi. Karen ta dawo, kofunan suka zube a ƙasa. Ta manna baki a jikin ƙarfen tana kiran babanta. Daga ciki muka ji muryarsa, ba irin wadda na sani ba, yana ihu kowa ya kwanta, kada wanda ya taɓa ƙofa.

Mai gashin bakin ya ce zai kira 'yan kwana-kwana su yanka sakatar. Karen ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauki ƙarar injin yankan ƙarfe ba, an taɓa yi masa aiki. Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, abu biyu ne a raina lokaci guda: tsohon da ke ciki, da kwana sittin.

Na ce, "Murfin sama na baya yana buɗuwa?"

Ya ce yana buɗuwa, amma rabon da a taɓa shi an daɗe. Ya kawo tsani. Na hau, na sa ƙarfi na ɗaga murfin, ya buɗe da kuka. Na leƙa. Duhu ne, sai warin nan ya bugo ni a fuska. Na kasa shiga. Ina durƙushe a kan motar, mutane sun taru a ƙasa suna kallona, wasu sun ɗaga waya. Na ce Hasbunallahu wa ni'imal wakil, na zura ƙafa ɗaya, na zura ta biyu, na saki jikina.

Yana zaune a kan bencin hagu, ya riƙe sakatar da hannu biyu. Hasken da ke shigowa ta murfin ya sauka a kan farin gashinsa.

"Rufe murfin nan, direba! So kake su jefo mana gurneti?"

Na ce, "Saje, iska..."

"Oda ce!"

Na san in na ƙi, ba zai ƙara yarda da ni ba. Na miƙa hannu na jawo murfin da kaina. Duhu ya rufe mu, sai ɗan siririn haske ta ramin leƙe. Na zauna a bencin da ke fuskantarsa, gwiwata na gugar tasa. Numfashina ya dinga yankewa. Rufin ya yi ta saukowa. Na ji nauyi a kafaɗata ta dama, daidai inda kan Iliya ya kwanta, har na kai hannu na shafa wurin.

"Kana rawar jiki," in ji shi.

"Ina yi, Saje."

"Karonka na farko ne?"

"Na biyu."

Ya saki sakatar da hannu ɗaya, ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe. Hannun da nake yanke wa farce duk Laraba, ashe da sauran ƙarfi a cikinsa. Ya ce in ja numfashi ta hanci in ƙirga huɗu, in sake. Ya ƙirga mini da bakinsa. Ni da aka turo in kula da shi.

Can ya ce, "Billy yana waje. Na rufe ƙofa Billy yana waje. Ya buga, na ji shi. An ce kada a buɗe." Ya ƙara damƙe sakatar. "Shekararsa goma sha tara."

Ban san me zan ce masa da Turanci ba, sai na ji ina magana da Hausa. Na ba shi labarin hanyar dajin, da ƙurar da ta cika mana baki, da yadda na ce wa Iliya na ji ƙarar motoci alhali ban ji komai ba. Na faɗi abin da ko Rabi ban faɗa wa ba, cewa ni na zaɓi gefen hanyar da muka bi. Bai san kalma ɗaya ba, amma yana ta cewa, "Haka ne. Haka ne, ɗana." Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Daga baya Karen ta ce minti ashirin ne.

Da na ji riƙonsa ya sassauta, na gyara murya na yi magana yadda ake yi a rediyon mota.

"Saje, saƙo daga sama. Hanya ta yi tsabta. An ce a sauka."

"Wa ya ce?"

"Kwamanda."

Sannan na ji ya ja sakatar. Haske ya shigo kamar an watsa mana ruwa. Ya ce ni zan fara fita, shi saje ne, shi ne na ƙarshe. Na sauka na miƙa masa hannu. Yana taka ƙasa ya dubi Karen ya ce mata ina shayin da ta ce za ta kawo. Ni kuwa na zaga bayan wata tanka na yi amai.

A mota Karen ta ce ba sai kowa ya ji ba, ita ba za ta faɗa ba. Amma masu gidan tarihin sun riga sun rubuta a littafinsu, kuma manaja tana kan layi lokacin da ƙofar ta rufe, ta ji komai. Na rubuta rahoton yadda abin ya faru, har da juya bayan da na yi. Washegari ta kira ni ofis. Wannan karon babu tayin shayi. Ta ce an dakatar da ni sai an gama bincike. Na ce kiranta nake amsawa lokacin. Ta ce ba ta ce in juya baya ba.

Kwana goma sha shida na yi a gida, ba kora ba aiki. Kullum da safe sai in duba waya in ga ko takardar ta zo. Abokan zamana suna fita tun asuba, gidan ya rage daga ni sai ƙarar firji. Auwal ya hau jirgin ƙasa ya zo ranar Lahadi da kilishi a jakarsa. Muka cike takardun neman wasu kamfanoni har guda tara.

"Yaya, ko ɗaya ya amsa an wuce wurin," in ji shi. "Amma ka san yanzu kowa tsoron ɗaukar mutum daga waje yake. Sai addu'a."

Babu wanda ya amsa.

Ranar sha bakwai manaja ta kira. Ta ce Mista Dennis ya kori mutum huɗu, ya fasa wa ɗaya tabarau, ya yi kwana tara bai yi wanka ba. 'Yarsa ta kai maganar council, wato ƙaramar hukuma, ta ce ko a dawo da ni ko ta canza kamfani.

"Kada ka ɗauka don kai ne," in ji ta. "Rahoton yana nan a fayil ɗinka. Gobe ƙarfe takwas."

Na isa takwas saura. Na buɗe da makullin da ke akwatin bakin ƙofa, na yi sallama kamar yadda na saba ko da ba mai amsawa. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga cikin rigar barci, gemu ya fito masa fari fat, ya rame. Ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin na goge daga kansa.

"Ina ka shiga, direba? An bar mu a nan ba mai tuƙi."

"An tura ni wani wuri ne, Saje. Na dawo."

Ya gyaɗa kai. Na haɗa ruwa, na yi masa wanka, na yi masa aski, na sa masa shuɗiyar rigarsa. Ina ɗaure masa maɓallin wuya ya kama hannuna, ya rage murya kamar kada wani ya ji.

"Kai da kake jin rediyo, yaushe za su zo su karɓe mu?"

Na dubi wayar kamfani a kan tebur. Saura minti goma sha ɗaya in fita in kama bas zuwa gida na gaba.

Na ce, "Ba su faɗa ba, Saje."

Ya saki hannuna, ya mai da ido kan titi.

"To," in ji shi. "Ɗora mana ruwan shayi."